Babi na Takwas: Gobara Daga Kogi, Tarihin Jiragen Kashe Gobara a Birnin Buffalo

8.0 Gabatarwa

Bahaushe na cewa gobara daga kogi maganinta Allah, saboda a tunaninsa ruwa shi ne maƙurar maganin wuta, idan kuwa wutar ta taso daga cikin ruwan, to dabara ta ƙare. Wannan babi zai kawo tarihin wani birni da ya sha ganin irin wannan gobara, har ya tanadi jirage na musamman domin ta. An zaɓi batun ne da gangan saboda nisansa da rayuwar ɗalibin da ya tashi a Anka ko Bukkuyum ko Gummi. Duk malamin Hausa zai wayi gari wata rana da buƙatar bayyana wa yara abin da shi kansa bai taɓa gani ba, kuma a ranar ne za a gane ko ya mallaki harshen ko kuwa haddar ƙa'idojinsa kawai ya yi. Ana son ɗalibi ya karanta bayanin da idanu biyu, ɗaya a kan labarin, ɗaya a kan kalmomin da aka ɗauko aka yi aiki da su.

8.1 Birni a Bakin Tafki

A kan iyakar Amurka da Kanada akwai manyan tafkuna guda biyar da ke haɗe da juna, ruwansu kuma ba na gishiri ba ne. Ɗaya daga cikinsu shi ne Tafkin Erie, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 25,700, wato ya ɗan ɗara Jihar Katsina girma. Birnin Buffalo yana a ƙarshen gabashin wannan tafki, cikin Jihar New York, daidai inda wani ƙaramin kogi mai suna Buffalo yake zuba ruwansa.

Garin bai zama wani abu ba sai a shekarar 1825, lokacin da aka buɗe wata hanyar ruwa da aka haƙa da hannun ɗan'adam, mai tsawon kimanin kilomita 584, wadda ta haɗa shi da Kogin Hudson, daga nan kuma sai birnin New York da teku. Daga wannan shekara alkama da masarar da manoman yammacin ƙasar suka noma ta riƙa biyowa ta tafki cikin manyan jirage, a sauke ta a Buffalo, a sake loda ta cikin ƙananan jiragen da za su iya bin haƙaƙƙiyar hanyar. Da farko 'yan dako ne ke wannan aiki a bayansu, jirgi ɗaya ya ɗauki kwanaki ana sauke shi. A shekarar 1842 wani ɗan kasuwa mai suna Joseph Dart, tare da injiniya Robert Dunbar, suka gina wani dogon rumbu mai ɗauke da jerin gugaye a jikin ɗamara, injin tururi yana juya ta, gugayen suna kwasar hatsi daga cikin jirgi suna hawa da shi sama suna juyewa. Dabarar ta karɓu, rumbunan suka jeru a gaɓar kogin, har Buffalo ta zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin hatsi na duniya. A ƙidayar shekarar 1900 tana da mutum 352,387, ita ce ta takwas a girma cikin biranen Amurka.

Arzikin nan ya zo da nasa haɗari. Rumbunan farko da katako aka gina su, ga tsawo, ga su manne da juna, ga tarin katakon sayarwa da gawayin kwal a gefensu. Shi kansa rumbun Dart wuta ce ta cinye shi a farkon shekarun 1860. Wani abin da ya fi katako haɗari shi ne ƙurar hatsi. Ƙwayar alkama ba ta saurin kama wuta, amma idan ta zama gari mai laushi ta tashi ta cika iskar rufaffen ɗaki, kowace ƙwayar ƙura tana kewaye da iska ta kowace fuska, don haka tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna su baki ɗaya cikin ƙiftawar ido. Zafin ya kumbura iskar, ginin ya tarwatse. Haka ta faru a masana'antar niƙa ta Husted a watan Yuni na 1913, inda mutum 33 suka rasa rayukansu.

8.2 Dalilin Samar da Jirgi

Ma'aikatan kashe gobara na wancan zamani dawakai ke ja musu injin famfo, kuma ta titi kawai suke iya tunkarar wuta. Rumbu kuwa fuskarsa ɗaya tana kallon titi, ɗayar tana kallon ruwa, jirgin da ya kama wuta a tsakiyar kogi ma ba a maganarsa. Wannan ita ce matsala ta farko. Ta biyu ita ce ruwa. Motar kashe gobara, ko da ta zamanin yau ce, abin da tankinta ke ɗauka bai wuce lita dubu kaɗan ba, cikin 'yan mintuna ta zazzage shi, sai ta dogara da bututun gari ko ta koma ɗebowa. Wanda ya bi labarin gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko na manyan kasuwannin Sakkwato da Katsina a 2021, ya san cewa kukan da aka saba ji bayan irin wannan musiba bai wuce biyu ba: rashin hanyar shiga da ƙarewar ruwa.

Jirgin kashe gobara yana warware matsalolin biyu a lokaci guda. Ba ya ɗaukar ruwa a cikinsa, domin a kan ruwan yake zaune. A ƙasan jikinsa akwai ƙofofi masu rariya da famfo ke zuƙo ruwa ta cikinsu, ya tura shi da ƙarfi zuwa manyan bututun feshi da aka kafe a saman jirgin, waɗanda ake juyawa kowace fuska kamar bindigar igwa. Har wa yau ana iya jona masa mesa a ja ta zuwa tudu, ya zama shi ke shayar da motocin da ke aiki a cikin gari. Muddin injinsa na da mai, ruwansa ba ya yankewa.

Dabarar ba a Amurka ta fara ba. Tun a ƙarni na 18 kamfanonin inshora na Landan suke ɗora famfon hannu a kan kwale-kwale a Kogin Thames. Abin da ya sauya al'amarin shi ne injin tururi, wanda ya ba famfo ƙarfin da damatsan mutane ba za su iya ba. Buffalo ta sayi jirginta na farko, George R. Potter, a 1887, ta ƙara na biyu, John M. Hutchinson, a 1893.

8.3 Jirgi na Uku da Gobarar 1928

Na ukun shi ne wanda tarihi ya fi riƙewa. An ƙera shi a 1900 a Jihar New Jersey a kan kuɗi dala 91,000, aka raɗa masa suna William S. Grattan. Tsawonsa ƙafa 118, kimanin mita 36 ke nan. Da ƙarfe aka yi jikinsa, aka ƙara masa kauri sosai domin ya iya fasa ƙanƙara, yana da tukwanen tururi biyu masu cin gawayin kwal, famfunansa kuma suna iya fesa galan 9,000 a minti ɗaya, wato wajen lita 34,000.

A ƙarshen watan Yuli na 1928 wani jirgin dakon ɗanyen mai, James F. Cahill, ya kama wuta a Kogin Buffalo. Grattan ya je ya tsaya a kansa. Wutar ta ɗauki tsawon sa'o'i 17 tana ci, har igiyoyin da suka ɗaure jirgin man suka ƙone, ya kuɓuce ya bi ruwa yana ci bal-bal. Ma'aikatan Grattan sun yi ƙoƙarin ɗaura masa igiya su ja shi, abin bai yiwu ba. Ya wuce su ya je ya isa wurin wani jirgin dakon mai, B. B. McColl, wanda babu komai a cikinsa.

A nan ya kamata ɗalibi ya dakata ya yi tunani, domin hankali zai ba shi cewa jirgin da babu mai a cikinsa ba abin tsoro ba ne. Akasin haka ne gaskiya. Ruwan man ba shi ke fashewa ba, tururin da ke tashi daga gare shi ne, idan ya gauraya da iska. Tankin da ke cike ba shi da sararin da wannan gauraye zai taru, wanda aka juye kuwa cikinsa duka sarari ne mai cike da shi. Shi ya sa jarkar fetur da aka zazzage, ko tankin mota da aka kai wa mai walda, suke hallaka mutanen da suka ɗauka ba komai a ciki. McColl ya fashe, wuta ta lulluɓe Grattan, ma'aikatansa suka faɗa ruwa suka yi iyo zuwa gaɓa. Babban injiniyan jirgin, Thomas Lynch, ya rasu, wasu bakwai suka ji raunuka. Tukwanen tururin da aka bari ba mai kula da su suka ƙafe suka lalace.

Akwai darasi na biyu a wannan gobara. Mai ya fi ruwa rashin nauyi, saboda haka a samansa yake tasowa. Watsa wa wutar mai ruwa ba ya kashe ta, sau da yawa ma ɗaukar ta yake ya yaɗa, kamar yadda ke faruwa idan aka zuba ruwa a kaskon tuya da ya kama. Abin da ke kashe ta shi ne a raba ta da iska, da murfi ko yashi ko kuma kumfa ta musamman da ke shimfiɗuwa a saman man. Wannan ne ya sa daga baya aka riƙa tanadar wa jiragen kashe gobara tankin sinadarin kumfa. Gobarar kogi, ashe, ko da ruwan tafki duka a hannu, sai an haɗa da sani.

Ƙonannen jirgin ya yi wata 18 a ajiye, majalisar birni tana muhawara a kan ko a sayi sabo ko a gyara tsohon. Lissafi ya nuna gyara bai kai rabin kuɗin sabo ba, don haka aka gyara shi a 1930, aka mayar da tukwanensa masu amfani da mai maimakon kwal. A 1953 aka sake yi masa babban gyara a Sturgeon Bay ta Jihar Wisconsin, aka cire injin tururi aka sa na dizal, ƙarfin feshinsa ya kai galan 15,000 a minti, wato wajen lita 57,000. Idan aka auna da durom mai cin lita 200, durom 285 ke nan a kowane minti. Ba da daɗewa ba aka sauya masa suna zuwa Edward M. Cotter, domin tunawa da wani ma'aikacin kashe gobara kuma shugaban ƙungiyarsu da ya rasu, sunan da yake amsawa har yau.

8.4 Ƙetare Iyaka da Fasa Ƙanƙara

Ranar 7 ga Oktoba, 1960, wuta ta tashi a masana'antar niƙa ta Maple Leaf da ke Port Colborne, wani gari a gaɓar tafkin ta ɓangaren Kanada. Garin ba shi da jirgin kashe gobara, sai ya nemi agajin Buffalo. Cotter an ƙera shi ne domin aikin cikin tasha, ba shi da na'urorin gane hanya a tsakiyar tafki, don haka wani jirgin masu tsaron gaɓa ne ya yi masa jagora. Ya isa ya yi sa'o'i yana feshi har aka ci ƙarfin wutar. Ana ɗaukar wannan a matsayin karo na farko da jirgin kashe gobara na Amurka ya ƙetare iyakar ƙasa domin kai ɗauki.

A daidai lokacin kuma tauraron birnin ya fara dusashewa. A 1959 aka buɗe babbar hanyar jirage ta Kogin St. Lawrence, wadda ta ba manyan jirage damar wucewa daga tafkunan zuwa teku ba tare da sun sauke kaya a Buffalo ba. Rumbuna da dama suka zama kango. Mutanen birnin da suka kai 580,132 a 1950 suka ragu zuwa 278,349 a 2020. Sauran jiragen biyu tuni aka yi ritayarsu, aka kuma sha kawo shawarar a ajiye Cotter saboda tsadar riƙonsa.

Abin da ya fi taimakawa wajen tsirar da shi aiki ne da ba shi da alaƙa da wuta. A lokacin hunturu saman Kogin Buffalo yakan daskare. Idan ɗumi ya fara shigowa, ƙanƙarar takan tsattsage ta taru ta toshe kogin, ruwa ya koma baya ya mamaye unguwannin kudancin birnin. Cotter, da kaurin jikinsa, shi ke bi yana farfasa ta domin ruwa ya sami hanya. A 1996 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, a 2025 kuma ya cika shekara 125, ana kuma lissafa shi a matsayin jirgin kashe gobara mafi tsufa da ke bakin aiki a duniya. Wani tsohon jirgi a birnin New York, John J. Harvey, wanda aka ƙera a 1931 aka yi masa ritaya a 1994, ya nuna amfanin rashin gaggawar zubar da irinsu: a harin 11 ga Satumba, 2001, bututun ruwan unguwar sun farfashe, sai da aka dawo da shi ya yi kwanaki yana turo ruwa daga kogi.

8.5 Abin Lura ta Fuskar Harshe

Wanda ya karanta da lura zai ga cewa yawancin kalmomin da suka ɗauki nauyin bayanin nan tsofaffi ne da aka faɗaɗa ma'anarsu. Kalmar jirgi ita ce babban misali. Asalinta abin hawa ne na ruwa da ake sassaƙawa daga gungumen itace. Da layin dogo ya iso Kano a 1911 sai aka ce jirgin ƙasa, da na sama ya sauka a Kano a 1925 aka ce jirgin sama. Sakamakon haka mai sunan na asali ya rasa keɓantarsa, dole sai an ce jirgin ruwa kafin a gane shi, har ma yaron birni a yau idan ya ji an ce jirgi sama yake kallo.

Mesa sunan macijiya ce, kamannin tsawo da lanƙwasa suka sa aka ba bututun roba sunanta. Tana zaune kafaɗa da kafaɗa da tiyo, wadda aka aro daga Faransanci, yayin da famfo, inji, dizal da tanki suka shigo daga Ingilishi suka bi tsarin gaɓar Hausa. Ƙanƙara a asali ita ce wadda ke faɗowa da ruwan sama ta farfasa ganyen dawa. Daga nan ta koma ta firji, sannan aka ƙirƙiri dusar ƙanƙara. Fito aikin ƙetarar da mutane da kaya ne a gulbi, ladan da ake biya shi ne kuɗin fito, daga baya sunan ya koma kan harajin kwastan. A karin harshen yamma, inda /f/ kan koma /h/ kafin wasalin /i/, hito ake ji, kamar yadda fita ke zama hita.

Ba ko'ina faɗaɗa ma'ana ke wadatarwa ba. Tafki a wurin yaron Bagega shi ne wanda ake shayar da shanu, ya ƙafe kafin bazara. Idan aka ce masa manyan jirage na yawo a tafki, hoton da zai zo masa ba daidai ba ne, idan kuma aka ce teku an yi kuskure ta wata fuskar. Mafita ita ce a bar kalmar a ƙara mata ma'auni, kamar yadda aka kwatanta da Jihar Katsina a sama. Haka rumbu: an riƙe shi ne saboda aikinsa ɗaya da na gida, amma sai da aka siffanta tsawonsa da gugayensa. Jera kalmomi biyar ko shida domin fassara suna ɗaya, abin da wasu masu fassara ke yi, ba ya haifar da kalmar da baki zai riƙe. Gara gajeren suna da aka sani, a biyo shi da jimla ɗaya ta bayani.

8.6 Kai Darasin Cikin Aji

Ƙa'idar koyarwa ita ce a tashi daga sananne zuwa baƙo. Yaran ƙasar Gummi sun san jirgi da masu fito, sun kuma san abin da ke faruwa idan jirgi ya kife babu mai kai ɗauki da wuri, domin hatsarin watan Satumba na 2024, wanda ya ci rayukan manoma masu yawa a kan hanyar zuwa gona, bai bar zukata ba. Na Bagega sun san cewa ƙura tana kisa, tun bayan annobar gubar dalma da aka gano a 2010, wadda ta taso daga niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara, aka kuma yi aikin tsabtace garin a 2013. Sai dai malami ya bambance musu: waccan ƙura guba ce mai shiga jini a hankali, ta rumbun Buffalo kuwa makamashi ce mai tashi nan take. Ya kuma taka sannu, domin a cikin ajin ana iya samun wanda ya rasa ɗan'uwa ta ɗayan hanyoyin biyu.

Akwai kuma abin da ya shafi malamin kai tsaye. A watan Afrilu na 2021 yara kusan 20 suka ƙone a wata makaranta a Yamai, a watan Nuwamba na shekarar kuma aƙalla 25 suka rasu a Maraɗi, duka a azuzuwan da aka yi da zana da kara. Sabon malami da aka tura ƙauye zai iya samun kansa a irin wannan rumfa, cikin hunturu, motar 'yan kwana-kwana mafi kusa tana can hedikwatar ƙaramar hukuma ko ma babban birnin jiha. Tambayoyi biyun da suka sa Buffalo ta sayi jirgi su ne zai yi wa kansa tun ranar farko: ta ina za a bi, kuma ina ruwa yake? A rumfar makaranta amsar ita ce ƙofa biyu da ba a toshe ba, bokitin yashi, randa a cike, da yaran da aka gwada wa fita cikin layi tun kafin ranar buƙata.

Jinga

1. Bayyana da kalmominka dalilin da ya sa jirgin B. B. McColl ya fashe alhali babu mai a cikinsa, cikin harshen da ɗan aji biyar na firamare zai fahimta.

2. Kawo kalmomi biyar na Hausa, ban da waɗanda aka ambata a 8.5, da ma'anarsu ta faɗaɗa saboda shigowar baƙon abu, ka nuna ma'anar asali da sabuwar.

3. Ziyarci ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa, ko mashigin gulbi inda ake fito, ka tattaro sunayen kayan aiki goma kamar yadda masu aikin suke faɗarsu, ka rarrabe na asali da na aro.

4. Rubuta bayani mai shafi biyu a kan wata gobara da ta taɓa faruwa a garinku: inda ta tashi, yadda aka samo ruwa, da waɗanda suka kashe ta.